Ƙaurar Taurari da Haƙƙin da Ke Wuyan Malamanmu

Har wa yau, idan bazara ta kai maƙura, hadari ya fara haɗowa daga gabas, manomin Boɗinga ko na Kajiji wanda bai yar da al'adar iyayensa ba, ba ya gaggawar zuba iri don kawai yayyafin fari ya jiƙa ƙasa, sai ya fara tambayar malamin unguwa ko wane tauraro ake ciki. In aka ce masa Surayya ce ko Dabaran, ya san da sauran jira. In kuwa aka ce Haƙa'a ta kama, ko Hana'a, sai ya saɓi sungumi da ƙwarin guiwa. Wannan lissafi na manziloli 28, kowace da kwana 13 in ban da Jabha mai kwana 14, wanda jimlarsa ke ba da kwana 365 cif, ya zo mana ne cikin littattafan Larabci tun zamani mai nisa, ya zauna daram har talaka ya ɗauka a nan aka ƙage shi. An kuwa gina shi ne bisa amincewa da abu guda, watau cewa tauraro ba ya barin mazauninsa, inda kakanka ya gan shi nan jikanka zai same shi.

Magabata na ilmin falaki sun kasa abin da ke sama kashi biyu: sayyarai bakwai, su ne rana da wata da Uɗaridu da Zuhura da Mirriku da Mushtari da Zuhalu, waɗanda ake ganin tafiyarsu tsakanin burujai, sa'an nan sabitai, watau sauran taurari duka, masu fitowa tare su faɗi tare, ba wanda ke kusantar ɗan'uwansa ko ya nisance shi. A kan waɗannan ne Abdurrahman as-Sufi ya wallafa shahararren littafinsa na surorin taurari a wajejen shekara ta 964 Miladiyya. Ba wanda zai tuhume su da sakaci, domin abin da ya ɓoye musu ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya. Sai a 1718 Edmond Halley, mutumin Ingila, ya gwada matsayin wasu taurari da abin da Yunanawa suka rubuta cikin littafin Baɗalimusa, ya tarar Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, da Simakur Ramihi sun gusa daga wurarensu da abin da ya fi faɗin wata. Simakun nan yana cikin masu saurin gusawa, amma duk da haka sai ya yi kusan shekara 800 kafin ya ƙetare faɗin wata guda. Daga lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka Sifawa a wajejen 1810 zuwa yau, bai wuce rubu'in wannan faɗi da wani abin kirki ba.

To, wannan gusawa da Halley ya gani ɗan tsokaci ne kawai na wani al'amari babba wanda sai a zamaninmu aka fahimce shi, shi ne cewa taurari suna ƙaura daga inda aka haife su zuwa wata nahiyar dabam ta sama, kuma akwai hujja mai ƙarfi cewa ita kanta ranar da ke ƙona mana ƙeya a watan Afrilu tana cikin masu ƙaurar. Ra'ayina shi ne, wannan ilmi ya wajaba a karantar da shi a makarantunmu da harshenmu, kuma mutane iri biyu ne suka tare masa hanya: masu cewa haramun ne, da masu cewa ai tuni mun san shi. Amma kafin in je gare su, ya kamata mai karatu ya ji mas'alar kanta, don kada a yi hukunci a kan abin da ba a sawwara ba.

Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu farin wata, wanda malamai ke kira Majarra, taron taurari ne da suka haura biliyan 100, kuma mu kanmu muna cikinsa. Siffarsa ta faifai ce mai kauri a tsakiya, faɗinsa kimanin tafiyar haske ta shekara 100,000, alhali haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, yana isowa daga rana zuwa gare mu cikin minti takwas da 'yan kai. Daga tsakiyar faifan wasu rassa murɗaɗɗu suke fita suna naɗe shi, a cikinsu ne gas da ƙura suka fi taruwa, a nan kuma ake haihuwar sababbin taurari. Ranarmu tana nesa da cibiya da tafiyar haske ta shekara 26,000, tana kewaya ta sau ɗaya cikin shekara miliyan 230 ko kusa da haka; tun da kuwa shekarunta sun kai biliyan 4.6, ta yi wannan ɗawafi wajen sau ashirin ke nan.

Tauraro ba a cika haihuwarsa shi kaɗai ba. Gajimaren gas guda ne yake dunƙulewa saboda nauyin kansa, ya haifi ɗaruruwa ko dubbai a lokaci guda, kuma misalin wannan yana bisa kanmu kowace kaka, watau Surayya, wadda mutanen karkara ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Ido yana ƙirga shida ko bakwai a cikinta, na'urar hangen nesa kuwa ta nuna sun fi 1,000, dukkansu 'yan ciki ɗaya, shekarunsu wajen miliyan 100, wanda a ma'aunin taurari ƙuruciya ce ɗanya. Irin wannan taro ba ya ɗorewa. Jan da sauran Majarra ke yi masa yana zare 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya har ya watse. Haka ake kyautata zaton ya faru ga rana: tana da 'yan'uwa na jini da suka rabu tun fil azal, masana suna ta cigiyarsu, har a 2014 wasu a jami'ar Texas ta Amurka suka nuna wani tauraro mai lamba HD 162826, mai nisan tafiyar haske ta shekara 110, suka ce mai yiwuwa ɗaya ne daga cikinsu.

Mai hankali zai tambaya, yaya za a san mahaifar abin da ba wanda ya halarci sunansa? Amsar tana cikin abin da aka gina tauraron da shi. Taurarin farko ba su ƙunshi kome ba sai iskoki biyu marasa nauyi, haidurojin da hiliyam. Baƙin ƙarfe da sauran ma'adinai masu nauyi a cikin tanderun taurari aka ƙera su, in tauraro ya mutu ya fashe sai ya watsa su, na bayansa su tashi da su. Yankin da ke kusa da cibiyar Majarra ya fi cinkoso, an yi ta haihuwa da mutuwa a cikinsa da sauri, saboda haka gas ɗinsa ya fi na gefe yalwar ƙarfe. Fatar tauraro irin rana kuwa tana riƙe da gwargwadon ƙarfen da ta tashi da shi, ana karanta shi in an rarraba haskenta launi launi. Kamar dai tsagar gado ce da wanzami ke yi wa jariri cikin makon haihuwa: Bagobiri ko Bakabe ya yi shekara hamsin a zangon Kumasi, harshensa ya juye, tufafinsa su sake, amma fuskarsa ba ta daina faɗin gidan da ya fito ba. In an san shekarun tauraro, an san ƙarfensa, to, ana iya ƙaddara da'irar da aka haife shi.

Da aka bi taurarin da ke maƙwabtaka da mu da wannan ma'auni sai aka ga abin da bai dace da zaton da ake yi ba. Tsararraki, waɗanda ya kamata a ce ƙarfensu ɗaya ne in da a nan aka haife su duka, sai ga shi sun saɓa nesa ba kusa ba, har da tsofaffin da suka ninka rana ƙarfe, alhali gas ɗin wannan yanki bai kai haka ba ko a yau. A 1996 Roland Wielen da abokan aikinsa a Jamus suka lura cewa ita ma rana ta fi yawancin tsararrakinta na nan ƙarfe, suka yi hisabi, suka ce an haife ta ne kusa da cibiya da abin da ya kai tafiyar haske ta shekara 6,000 fiye da inda take yanzu. Sai dai akwai mushkila. Abin da aka sani a lokacin shi ne, in manyan gajimaren gas suka yi ta bangazar tauraro, falakinsa yakan karkace, ya riƙa shiga ciki yana fita waje. Falakin rana kuwa kusan da'ira ce lafiyayya, babu alamar an taɓa wujijjiga ta. Yaya abu zai yi irin wannan doguwar tafiya bai yi ko ƙura ba?

Jerry Sellwood na jami'ar Rutgers a Amurka da James Binney na Okusfod su suka warware wannan a 2002, kuma bayaninsu ya cancanci a bi shi a hankali, domin a nan daɗin mas'alar yake. Faifan Majarra ba ya juyawa gaba ɗaya kamar abu daskararre; tun a 1927 Jan Oort na Holan, bisa aikin Bertil Lindblad na Suwidin, ya tabbatar cewa taurarin ciki suna gama zagayensu da wuri, na gefe kuwa sai sun daɗe. Su kuma rassan nan murɗaɗɗu ba wasu ayyanannun taurari ne da aka ɗaure wuri guda ba, wuraren cinkoso ne kawai, taurari suna shiga suna fita, shi kuwa cinkoson yana kewayawa da nasa saurin. Tun da saurin taurari ya bambanta gwargwadon nisansu da cibiya, lalle a sami wata da'ira inda saurin tauraro da na reshe suka zo daidai, su daɗe suna tafiya tare, jan da ke tsakaninsu ya sami lokacin yin tasiri. Tauraron da ke ɗan ciki da wannan da'ira ya ɗara reshe sauri kaɗan, sai ya cim masa ta baya sannu sannu, nauyin reshen ya jawo shi gaba ya ƙara masa ƙarfin tafiya, ƙarin nan kuwa ya ɗaga shi zuwa falaki mafi faɗi. Wanda ke ɗan waje kuwa, reshe ne ke cim masa, ya ja shi baya, ya rage masa ƙarfi, ya gangaro ciki. Da a ce reshen madawwami ne, da sai su yi ta kai da komo tsakanin wuraren biyu ba su je ko'ina ba. Amma rassa suna tasowa su baje cikin 'yan zagaye kaɗan, saboda haka in reshe ya ɗaga tauraro ya watse, sai ya bar shi can, nesa da gida da dubban shekarun haske, har wani sabon reshe ya zo ya sake ɗaukarsa, ko waje ko ciki. Babban abin mamaki kuwa, wannan ɗauka ba ta karkatar da falaki. Daga da'ira ake fita a shiga da'ira, shi ya sa duban tafiyar tauraro kaɗai ba ya tona asirinsa. A 2008 Rok Roškar da jama'arsa suka kwaikwayi rayuwar irin wannan faifai a kwamfuta, suka ga kusan rabin taurarin da ke yanki irin namu daga wani wuri suka zo.

Ban ce an rufe ƙofar bincike ba. Har yanzu akwai saɓani a kan iyakar nisan da rana ta yi: wasu sun kai mahaifarta can ciki fiye da yadda Wielen ya ce, wasu sun ce tafiyar ba ta kai haka ba, domin ƙididdige shekarun tauraro aiki ne mai wuya, kuskure kaɗan a nan yakan zama babba a can. Amma asalin ƙaurar kam jumhurun masana sun sallama.

Yanzu sai mutanenmu na farko, masu jin an ambaci tauraro su ce a'uzu billahi, a zatonsu duba ne da bokanci. Ina girmama kishinsu, amma fuƙaha'u sun daɗe da rarrabe abu biyu: ilmin ta'asiri, watau da'awar cewa taurari ke juya arziki da ajali da aure, wanda ɓata ne bayyananne, da ilmin tasyiri, watau sanin tafiyarsu don gane alƙibla da lokutan salla da na shuka, wanda ba a gushe ba ana karanta shi a zaurukan ilmi. Ba sai mun je Bagadaza neman hujja ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta risala yana gargaɗin jama'a su nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari; shi ɗin ne kuma, da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya shimfiɗa masa taswirar sama, ya riƙa nuna burujai duka da taurari masu yawa yana kiransu da sunayensu na Larabci, har baƙon ya rubuta haka cikin labarin tafiyarsa. Da Clapperton ya komo a 1826 kuwa, cikin tsarabar da ya kawo har da littafin handasa na Iƙlidisu da Larabci, Sarkin ya yi murna da shi ƙwarai, ya ce gidansu sun taɓa mallakar irinsa gobara ta cinye. Mutum ɗaya ne ya yi gargaɗin, shi ne kuma ya san taurarin, bai ga wani tufka da warwara a ciki ba. Imamu Gazali ma tun tuni ya yi kashedi cewa mai ƙaryata hisabin husufi da sunan kare addini, cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san hujjar hisabin ba zai yi shakkar hisabi ba, sai ya yi shakkar mai ƙaryatawar.

Kashi na biyu su suka fi damuna, domin ɓarnarsu a lulluɓe take da zuma. Su ne waɗanda da zarar an kawo wani sabon bincike, kafin a gama bayani sun ce ai wannan yana cikin littattafanmu, Turawa sata suka yi. A yi kabbara, a watse, ba wanda ya koyi yadda aka auna, ba wanda zai iya ƙara ko ɗigo a kai. Alhali as-Sufi bai san rassan Majarra ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba ko ƙwayar zarra. Darajarsa ita ce ya ɗauki abin da Baɗalimusa ya bari, ya fita da dare ya duba da idonsa, ya gyara inda ya ga kuskure, har ya rubuta labarin wani ɗan gajimare a sama wanda a yau aka san wata majarra ce sukutum irin tamu. Wannan hali na bin diddigi ba baƙo ba ne a ƙasar Boɗinga. A shekarun da Shehu ke Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga, a lokacin ne, wajejen 1812, ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya jera malamansa ɗaya ɗaya da littafin da ya karanta a wurin kowanne, ya kuma bi asalin danginsu Toronkawa tun daga Futa Toro har zuwan kakansu Musa Jakollo ƙasar Ƙwanni. Malamin da bai yarda ya ce "na sani" ba sai ya faɗi daga wa ya ji, ba na zaton zai gamsu da almajirin da ke da'awar gadon ilmin da bai taɓa buɗe babinsa ba.

Na san za a ce mini, wane irin taurari ana fama da ajin da iska ta yaye wa rufi, da malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, da ƙauyukan da tsoro ya hana su noma? Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai in tuna wa mai faɗinta cewa Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979 malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato, a zamanin da kayan aiki ba su kai na yau ba, kuma da ya ga labarin ƙasa yana yi wa yara wuyar haddacewa sai ya tsara musu shi cikin Waƙar Nijeriya da Hausa. Bai jira an gina masa ɗakin gwaje-gwaje irin na Ingila ba. A cikin fannonin kimiyya duka kuwa babu mai arhar farawa kamar falaki, domin ɗakin gwajinsa a buɗe yake bisa kowa, kuma ƙarancin lantarki da ke damun ƙauyukanmu ya bar musu duhun da biranen Turai suka rasa. Har ma Allah ya fifita mu da matsayi: cibiyar Majarra tana tsakanin Shaula da Na'a'im, kuma daga Boɗinga ko Shagari, da ke wajen daraja 13 arewa da tsakiyar duniya, takan hau sama ta kudu har daraja 48 a daren damina in gari ya washe bayan ruwa, alhali a Okusfod, inda Binney ya yi hisabinsa, da ƙyar take ɗagowa daraja 9 daga ƙasa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. A sami ɗan littafi da boko da ajami wanda zai ɗauki manzilolin nan da malaman zaure suka haddace, ya nuna wa yaro inda kowace take, da nisanta, da shekarunta, da abin da aka gano game da ita, malamin allo da malamin kimiyya su zauna tabarma ɗaya su rubuta shi, kowa ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi. Makarantar horon malamai da ke ɗauke da sunan Shagari a Sakkwato ita ta fi cancanta ta ɗauki wannan, tun da daga gare ta masu shiga aji ke fitowa. A kuma sa tabaran hangen nesa ko guda ɗaya a kowace sakandare, a fitar da yara fili bayan isha'i a watan Nuwamba kafin hazo ya sauko.

Sauran aikin na jami'a ne. A Disamban 2013 hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba kumbon Gaia, ya tsaya nesa da duniya da kilomita miliyan ɗaya da rabi yana auna matsayin taurari da nisansu da tafiyarsu har zuwa Janairun 2025, kuma kundin da aka fitar a Yunin 2022 ya ƙunshi taurari wajen biliyan 1.8. An zuba shi duka a intanet kyauta, ba a tambayar mai ɗauka ƙasarsu ko jami'arsu, an kuma sanar cewa kashi na gaba, wanda ya fi wannan daidaito, zai fito a ƙarshen 2026. Ɗalibin lissafi ko na fiziya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in yana da kwamfuta da malamin da zai duba aikinsa, yana iya ware taurarin da ke kusa da mu masu yalwar ƙarfe, ya fitar da falakin kowanne, ya ƙirga nawa ne a cikinsu ke tafiya a da'ira lafiyayya alhali ƙarfensu na mutanen ciki ne, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan haka.